Yadda Ake Kafa Hitar Ruwa Mai Aiki da Gas a Gida

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, aikin da aka fi kira na a kai shi ne na ruwan zafi. Wani ya gaji da ɗora tukunya a murhu tun kafin kiran assalatu, wani kuma yana da hitar lantarki mai tanki amma ba a kawo wuta a lokacin da yake buƙatarta. Ga irin waɗannan gidajen nake ba da shawarar hitar gas wadda ba ta da tanki. Ba ta ajiye ruwa. Kana buɗe famfo, ƙarfin ruwan zai tura wani faifan roba da ke cikinta, faifan ya danna makunni, batir ya ba da tartsatsi, gas ya kama. Ruwan yana bi ta cikin bututun jan ƙarfe da ke saman wutar, ya fito da zafinsa cikin 'yan daƙiƙu. Ka rufe famfo, wutar ta mutu. Iyakar iliminta ke nan.

Hanyoyi uku ne ke haɗuwa a jikinta: ta ruwa, ta gas, da ta iska da hayaƙi. Ta ruwa ce ke yawan hana ta aiki, ta gas ce kowa ke tsoro, amma ta hayaƙi ce ke kisa, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Hitar gas ta farko da wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera a 1868, wadda ya sa wa suna Geyser (daga nan ne wasu ke ce wa hita giza), ba ta da bututun hayaƙi ko kaɗan, kuma illarta ke nan. Har yau kuskuren da nake tararwa a gidaje shi ne dai wannan.

Kayan da za ka tanada

Hitar kanta, wadda aka rubuta LPG a jikinta. In ka ga NG, ta gas ɗin bututu ce irin na biranen Turai, ramukan wutarta sun fi faɗi, ba za ta yi da tukunyar gas ɗinmu ba. Sai tukunyar gas mai kilo 12.5 ko fiye, da regileta mai ƙaramin ƙarfi, da tiyon gas na ainihi da kilif biyu na ɗaure shi. Bututun hayaƙi na ƙarfe mai faɗi daidai da bakin hitar, da gwiwarsa da hularsa. Bututun PPR (na roba mai jure zafi) na rabin inci don ruwan zafi, da injin narka shi. Gajerun tiyo biyu masu saƙar ƙarfe na haɗa hita da bututu, da washarsu. Bawul ɗaya na rufe ruwa, da ƙaramar matata. Farin tef na zaren famfo. Manyan batura biyu, irin na tocila da rediyon da. Kayan aiki kuwa: injin huda bango, fisha da sukurori, sifana mai daidaitawa, sukudireba, filaya, tef ɗin awo, lebur, bokiti, da ruwan sabulu mai kumfa a kofi.

Kan girman hita: lambar da ke jikinta, 6 ko 8 ko 10 ko 12, tana nufin litar ruwan da za ta iya ƙara wa zafin digiri 25 a cikin minti ɗaya. In ruwan tankinka ya kwana ya koma digiri 17 da asuba, mai lita 6 za ta ba ka lita 6 a minti a kan digiri 42, wanda ya ishi wanka. Banɗaki ɗaya, mai lita 6 ko 8 ta wadatar. In za a ja har kicin, ɗauki mai lita 10. Kada ka ce babba ta fi, domin babbar ta fi neman ƙarfin ruwa da na gas, kuma a gidan da tanki bai da tsayi ƙaramar ce za ta fi yi maka biyayya.

Mataki na 1: Gwada ƙarfin ruwanka kafin ka je kasuwa

Nan ne mafi yawan mutane ke asarar kuɗinsu. Galibin waɗannan hitoci ba sa tashi sai ƙarfin ruwa ya kai kamar ba 0.2 zuwa 0.3 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa), an kuma rubuta adadin a takardar da ke liƙe a gefensu. Lissafin mai sauƙi ne: duk tsayin mita 10 na ruwa ba 1 ne. Ke nan kana buƙatar aƙalla mita biyu zuwa uku tsakanin ruwan da ke tanki da kan shawa. Lura da kyau, daga kan shawa ake aunawa, ba daga ƙasa ba, kuma ka auna zuwa gindin tankin, don ranar da ruwa ya yi ƙasa ma ana son a yi wanka. Tankin da aka ɗora a kan ginin bulo mai tsayin mutum ba zai taɓa tayar da ita ba. Ni nakan so in ga mita huɗu ko biyar, saboda doguwar tafiya da yawan gwiwa suna cinye ƙarfin ruwa a hanya.

Gwajin da nake yi: in kwance kan shawa, in tara bokiti mai lita 10 a daidai wannan tsayin. In ya cika cikin minti biyu, hankalina ya kwanta. In ya haura minti uku, akwai magana.

In ƙarfin bai kai ba, hanya uku ce. Ko a ɗaga tanki, ko a sa ƙaramin injin busta mai tashi da kansa a kan bututun da ke shiga hitar, ko a nemi hita irin wadda aka yi don raunin ruwa. Busta yana aiki sosai, sai dai ya mayar da kai ga jiran wutar lantarki, abin da ka gudo daga gare shi, sai in kana da sola. Akwai kuma dabarar talaka: ka haƙura da shawa, ka sa famfo ƙasa-ƙasa a tsayin gwiwa, a riƙa tara ruwan zafi a bokiti. Saukar da bakin ruwan da ka yi ya ƙara maka kusan mita ɗaya da rabi na ƙarfi kyauta.

Mataki na 2: Zaɓi wurin da za ta zauna

Ba a sa ta a cikin banɗaki. Ko mai gida ya nace, ko ya ce tagar tana da faɗi, ba na yi. Hita mai lita 6 tana cin gas fiye da kawunan kuka huɗu a kunne gaba ɗaya, kuma wuta da iska take rayuwa. A ɗan ƙaramin ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, ga tururi, ga tagar da aka toshe da tsumma saboda sanyi, iskar tana raguwa, wutar ta daina ci da kyau, ta fara fitar da kabon monoksayid. Ita ce gubar da ke cikin hayaƙin janareta da garwashin da ake shiga da shi ɗaki a kwana. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mai wanka zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ƙafafu su mutu, kuma ƙofa a kulle ta ciki. Na taɓa zuwa cire wata da aka kafa a saman bahon wanka a wani gida, bayan yarinyarsu ta yanke jiki ta faɗi sau biyu ana cewa iska ce ke taɓa ta. Daga ranar da muka fitar da hitar waje ba ta sake faɗuwa ba.

Ginin gidajenmu ya sauƙaƙa wannan. Bayan bangon banɗaki, ta tsakar gida ko ta lungun baya, shi ne wurinta. A huda bango bututun ruwan zafi kaɗai ya shiga ciki. Sai a yi mata ɗan akwatin ƙarfe mai ƙofa, buɗaɗɗe ta ƙasa, da ramuka a gefe, saboda ruwan sama da iskar da ke kashe wuta. Kada a yi shi da katako, kada kuma a rufe shi ruf. In gidan bene ne babu tsakar gida, baranda ko kicin mai taga a buɗe za su yi, amma da sharaɗin bututun hayaƙi ya fita waje. Ɗakin kwana da sito da ƙarƙashin matakala duk babu su a lissafi.

Ka kuma matso da ita kusa da inda za a yi amfani da ruwan. Duk tsawon bututu, sai ka zubar da ruwan sanyin da ke kwance a cikinsa kafin mai zafi ya iso.

Mataki na 3: Rataye ta

Auna yadda ɗan gilashin leƙen wuta zai zo daidai idonka, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Yi alama, huda, sa fisha, ɗaura sukurori, rataya, ka duba da lebur ta tsaya cak. Bar tazara a gefe da gefe yadda hannu zai shiga, kuma kada wayar lantarki ko labule ko rufin leda su kasance a samanta.

Mataki na 4: Haɗa ruwa

A ƙasanta akwai baki uku: na gas, na shigar ruwan sanyi, na fitar ruwan zafi. Jerinsu yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka karanta rubutun da ke kusa da kowanne, kada ka yi da ka. Shuɗi sanyi, ja zafi. Wanda ya tura ruwa ta bakin gas ya gama da hitar.

Kafin ka haɗa komai, saki ruwa ya zuba a bokiti na ɗan lokaci, yashi da guntun roba da suka maƙale a bututu su fita. Daga nan jerin shi ne: bawul, matata, gajeren tiyo, sai bakin hita. Matatar nan kada ka raina ta in ruwan burtsatse kake sha, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana faifan robar motsi. Inda zare ya haɗu da zare, naɗa farin tef ta yadda noti ke ɗauruwa. Inda akwai washa ba a sa tef, washar ce ke riƙe ruwa. Ɗaure da hannu, ka ƙara ɗan juyi da sifana, ya isa. Yawan matsewa yana tsaga washa.

Ɓangaren zafi PPR ne ko jan ƙarfe. Farin bututun PVC na ruwan sanyi yana laushi ya saki gam in zafi ya daɗe a cikinsa, kuma a cikin bango zai yi maka wannan aika-aikar. In ba ka da injin narka PPR, ana bayar da haya a wurin masu sayar da kayan famfo, ko ka kira mai aikin famfo ya yi maka wannan gaɓar kaɗai.

Buɗe bawul da famfon zafi, ba tare da gas ko batir ba, ruwa ya gudana har ya daina tari. Duba ko akwai ɗiga.

Mataki na 5: Bututun hayaƙi

Zura shi a bakin da ke saman hitar, ya hau sama miƙe gwargwadon hali kafin ka sa gwiwa. Kada ka rage faɗinsa, kada ka bari wani sashe ya sunkuya ƙasa, kuma gwiwa ɗaya ta fi biyu. Bakinsa ya fita sarari, nesa da tagar ɗaki, a sa masa hula saboda ruwan sama da tsuntsaye masu neman wurin sheƙa. In ba a samu na kamfani ba, maƙeran kwano suna naɗa shi da farin ƙarfe in ka kai musu awo. Bututun roba kam ko da wasa. Ko a tsakar gida take, in akwai rumfa a samanta, fitar da bututun ya wuce rumfar.

Akwai hitoci masu fanka a ciki da ke tura hayaƙi waje da ƙarfi, irin waɗanda Rinnai da Bosch da Vaillant ke yi. Sun fi tsaro da daidaita zafi, amma sai da lantarki suke tashi. Ka san wadda kake saya.

Mataki na 6: Haɗa gas

Regileta ita ce zuciyar wannan matakin. Duba takardar gefen hita, yawanci za ka ga 2800 Pa, wato miliba 28, ƙarfin gas ɗin da take buƙata ke nan. Regiletar da za ka saya ta zama mai miliba 28 zuwa 30, kuma ta iya ba da kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a awa. Duka an buga su a jikinta. Regileta mai murɗawa irin ta masu tuyar ƙosai da gidajen abinci mai babban ƙarfi ce, tana lalata bawul ɗin cikin hita, wutar kuma ta riƙa tashi da ƙara kamar fashewa.

Tukunya ta zauna a tsaye, a inuwa, a waje, kamar mita ɗaya ko fiye daga hitar, ba a ƙarƙashinta ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, saboda haka nisanta ta da bakin kwata da rami da wurin da ake hura wuta. Ƙananan tukwane masu kilo 3 da 6 ba sa iya ciyar da hita: za ka ga jikinsu ya yi raɓa ya yi sanyi ƙalau, wutar ta yi ta raguwa alhali da sauran gas a ciki. A gari mai sanyi irin Jos abin ya fi bayyana.

Tiyo ya zama na gas, ba na ban ruwa ba, kada ya wuce mita biyu, kada ya lanƙwashe ko ya taɓa jikin hita. In tazarar ta fi haka, a ja bututun jan ƙarfe, wannan kuma aikin gwani ne. In tiyon ya ƙi shiga, tsoma bakinsa a ruwan ɗumi, kada ka gasa shi da wuta. Ɗaure kowane baki da kilif. Waya da igiyar roba ta tayar keke ba kilif ba ne.

Yanzu buɗe gas, hita a kashe, ka shafa kumfar sabulu a kan regileta da bakin tiyo biyu. In ka ga kumfa tana hurowa tana girma, rufe, gyara, sake gwadawa. Ba a neman yoyon gas da ashana.

Mataki na 7: Tashin farko da saiti

Sa batura, ka lura da kai da gindi. Mayar da maɓallin gas ƙasa, na ruwa tsakiya. Buɗe famfon zafi sosai. Za ka ji tas-tas-tas, sai wuta ta kama. Karon farko takan ƙi, saboda iskar da ke cikin tiyo. Rufe famfo, jira kaɗan, sake buɗewa, sau uku ko huɗu. Leƙa ta gilashi: wutar kirki shuɗiya ce, a jere, a natse. Ja ko rawaya mai lilo alamar ƙarancin iska ne ko datti, kuma irin wannan wutar ce ke haifar da guba. Rufe famfo ka tabbata wutar ta mutu nan take. In ta ci gaba da ci bayan ruwa ya tsaya, rufe tukunya, mayar da hitar inda ka saye ta.

Maɓallin ruwa yana rikita mutane: rage ruwa ƙara zafi ne, ƙara ruwa rage zafi. Na ukun, mai rubutun Winter da Summer, yana kunna dukkan layukan wuta ko rabinsu. Lokacin bazara, da ruwan tanki ke da ɗumi tun asali, bar shi a Summer ka tsimi gas.

Daidaita zafin a jikin hitar yadda za a yi wanka da shi kai tsaye, wajen digiri 40. Kada a ƙure ta sannan a riƙa surkawa da famfon sanyi, domin a gidan da ƙarfin ruwa bai da yawa, buɗe na sanyi yana janye ruwa daga hita, wuta ta mutu, mutum na cikin kumfa. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, ta yaro da ta tsoho ma ta fi saurin salewa. A gaya wa mutanen gida abu ɗaya: in an rufe famfo aka sake buɗewa nan da nan, ruwan farko da zai fito ya fi zafi, a bar shi ya zuba tukuna. Masu wankan jego su tara a bokiti ko baho, a taɓa da hannu kafin a kai jiki.

Gas nawa take ci? Mai lita 6 in an ƙure ta tana cin kusan kilo ɗaya a awa, mai lita 10 kuma kilo ɗaya da rabi. Amma ba awa ake yi ana wanka ba. Bokiti mai lita 20 bai wuce giram 50 zuwa 60 ba, ke nan tukunya mai kilo 12.5 za ta ba da bokiti sama da 200. Masu daɗewa a ƙarƙashin shawa su ne ke cinye gas. Da yawa daga hitocin suna kashe kansu bayan minti 20 ana aiki. Ba lalacewa ba ce, rufe famfo ka sake buɗewa.

Kula da ita, da abin yi in ta ƙi

Ƙurar hunturu tana toshe ramukan wuta, gizo-gizo da zanzaro kuma suna son yin gida a ciki lokacin da aka daina amfani da ita. Kafin sanyi ya shigo kowace shekara, rufe gas, cire murfin, share da busasshen buroshin haƙori, leƙa bututun hayaƙi, sake gwajin kumfa. Tiyon da ya fara tsagewa ko ya ƙandare a canza shi. In za a daɗe ba a kunna ta ba, cire batura kada su zubar da ruwa su ci ƙarfen.

In ruwan unguwarku mai barin farin ɓawo ne a gindin butar shayi, haka yake yi a cikin bututun hita. Alamarsa ruwan zafi ya riƙa raguwa alhali na sanyi na nan da ƙarfinsa. Kwance tiyo biyun, ɗura farin ruwan khal ta mazurari har ya cika, bar shi awa ɗaya ko biyu, sannan ka wanke da ruwa mai yawa. Ruwan batirin mota da wasu ke zubawa kuwa, kada ka yi amfani da shi.

In ka buɗe famfo ba ka ji tas-tas ba, fara da batir, sannan matata, sannan kan shawa, don toshewar ramukansa kaɗai tana hana hita tashi. In duk lafiya, duba ko ruwan tanki ya yi ƙasa, ka kuma juya maɓallin ruwa wajen raguwa, sau da yawa hakan na tayar da ita. In tana tas-tas amma ba wuta, matsalar gas ce: ko ya ƙare, ko regileta ba ta zauna daidai ba. In ta kama ta mutu bayan daƙiƙu kaɗan, ko batir ya yi sanyi, ko ɗan tsinken ƙarfen da ke jin wuta ya yi datti; goge shi a hankali da takardar yashi mai laushi. In ta riƙa mutuwa a tsakiyar wanka, kada ka yarda wani ya yanke wayar na'urar tsaro ya haɗe ta kai tsaye don ta daina damunka. Nemo abin da ke sa ta kashewa, sau da yawa hayaƙi ne ba ya samun fita ko ruwa ya yi zafi fiye da kima.

In ka ji warin gas, rufe tukunya, buɗe ƙofofi, kada ka taɓa makunnin lantarki ko ka kunna wuta har warin ya tafi. In kuma wani ya ji jiri ko ciwon kai ana cikin amfani da hita, a fitar da shi sarari, a kashe ta, a kai shi asibiti a gaya wa likita cewa ana zargin hayaƙin gas ne, kuma kada a sake kunna ta sai an duba wutar da bututun hayaƙin.